Nise da Silveira: likitar da ta miƙa wa masu taɓin hankali fenti da yumɓu

Tafiyarmu ta yau mai nisa ce, don za mu ƙetare teku har ƙasar Barazil, mu kawo muku tarihin wata mata likita mai suna Nise da Silveira, wadda mutanen ƙasarta ke kira Dakta Nizi. Wannan mata ta share fiye da shekara 50 tana yaƙi da ra'ayin nan da ke cewa wanda hankalinsa ya gushe ya tashi daga mutum, ba abin da ya rage sai a kulle shi a jira ajalinsa. Makaman da ta yi yaƙin da su kuwa su ne takarda, fenti, burushi, yumɓu, kiɗa, har da karnuka da kyanwoyi.

Haihuwa da karatu

An haifi Nise ranar 15 ga watan Fabrairu na shekara ta 1905 a birnin Maseyo, babban birnin jihar Alagowas da ke arewa maso gabashin Barazil. Mahaifinta, Faustino Magalhães da Silveira, malamin lissafi ne kuma ɗan jarida. Mahaifiyarta, Maria Lídia, gwanar kaɗa piyano ce. Ita kaɗai Allah ya ba su, saboda haka ta tashi a gidan da littafi da kiɗa ba su yankewa.

A shekara ta 1921, tana da shekara 16 kacal, ta shiga makarantar koyon aikin likita ta Bahiya. Lokacin da ajinsu ya kammala karatu a 1926, ita kaɗai ce mace a tsakiyar maza 157. Binciken da ta gabatar don samun takardar shaidarta ya shafi matan da ke aikata laifi a Barazil, wato tun daga farko hankalinta na wurin waɗanda al'umma ta juya wa baya. Bayan rasuwar mahaifinta a 1927, ta koma birnin Riyo, wanda a lokacin shi ne babban birnin ƙasar, tare da Mário Magalhães da Silveira, ɗan'uwanta kuma abokin karatunta, wanda ya zama mijinta. A 1933 ta ci jarrabawar ɗaukar likitocin ƙwaƙwalwa, ta fara aiki a tsohon asibitin masu taɓin hankali na unguwar Praia Vermelha.

Gidan kaso

Aikin bai yi nisa ba siyasa ta faɗa mata. A watan Nuwamba na 1935 ƴan gurguzu suka yi yunƙurin kifar da gwamnatin shugaba Getúlio Vargas, yunƙurin ya ci tura, gwamnati kuma ta shiga kame ba ji ba gani. Wata ma'aikaciyar jinya ta ga littattafan aƙidar Markisanci a ɗakin Nise ta kai tsegumi. A 1936 aka kama ta, aka kai ta gidan kaso na Frei Caneca, inda ta yi fiye da shekara guda. A can ta zauna ɗaki ɗaya da Olga Benário, Bajamushiyar nan da gwamnatin Vargas ta miƙa wa ƴan Nazi tana da juna biyu. A can ne kuma ta haɗu da marubuci Graciliano Ramos, ɗan jiharsu, wanda ya ba da labarinta a littafin da ya rubuta kan zamansa na kaso.

An sake ta a 1937, amma ba a mai da ta bakin aiki ba sai a 1944. Shekarun nan ta yi su a ɓoye-ɓoye, tana karatu, musamman littattafan masanin falsafa Spinoza. Waɗanda suka rubuta tarihinta na ganin zaman kaso ya yi tasiri ga aikinta na gaba. Wanda ya taɓa jin an datse masa ƙofa daga waje, in ya shiga asibitin da ake kulle mutane, ba zai dube shi da ido irin na sauran likitoci ba.

Ranar da ta ƙi danna maɓalli

A watan Afrilu na 1944 aka tura ta babban asibitin ƙwaƙwalwa na Pedro II, a unguwar Engenho de Dentro da ke bayan garin Riyo. Mafi yawan waɗanda ke kwance a wurin an ce suna fama da cutar da likitoci ke kira sikizofireniya. Cuta ce da ke sa mutum ya riƙa jin muryoyin da babu mai jinsu sai shi, ko ya riƙe wani zargi da ba hujjar da za ta raba shi da shi, tunaninsa ya wargaje, ya janye daga mutane, wani ma ya daina magana sam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyon 20 ke ɗauke da ita a duniya.

Shekarun da Nise ta yi ba ta aiki, sababbin hanyoyin jinya sun shigo daga Turai. Akwai allurar insulin da ake yi wa majinyaci har ya suma, wadda Manfred Sakel ya fito da ita a Biyana. Akwai jijjiga ƙwaƙwalwa da wutar lantarki, wadda Ugo Cerletti da Lucio Bini suka fara a birnin Rum a 1938, kuma a wancan zamani ana yin ta mutum na farke, ba allurar barci kamar yadda ake yi yanzu. Akwai kuma fiɗar lobotomi, inda ake yanke wasu jijiyoyi na gaban ƙwaƙwalwa, wadda ta samar wa Egas Moniz na Fotugal kyautar Nobel a 1949.

Wata rana wani abokin aikinta ya gwada mata yadda ake jijjiga da lantarki a kan wani majinyaci. Ta ga yadda mutumin ya sandare yana kakkarwa. Da aka kawo na biyu, aka ce ta danna maɓalli, sai ta ƙi. Wannan ƙin ya jawo mata baƙin jini a wurin abokan aiki. Daga ƙarshe ta koma wani sashe da babu likitan da ke sha'awarsa, sashen ba majinyata aikin yi, inda aikin nasu bai wuce shara, wanke-wanke da gyaran makewayi ba.

Ɗakin zane

Abin da aka ɗauka wulaƙanci ne, shi ya zama gobarar Titi. A 1946 Nise ta sake tsara sashen gaba ɗaya. Sannu a hankali ta buɗe wuraren ɗinki, dukanci, aikin kafinta, ɗinkin littattafai, aikin lambu, kiɗa da wasan kwaikwayo. Cikin waɗanda suka yi aiki da ita akwai Ivone Lara, ma'aikaciyar jinya da daga baya ta zama shahararriyar mawaƙiyar samba, wadda ta riƙa amfani da kiɗa wajen kula da majinyata.

A watan Satumba na wannan shekara aka buɗe ɗakin zane da ginin yumɓu, da taimakon wani saurayi ma'aikacin asibitin mai son zane, Almir Mavignier, wanda daga baya ya yi suna a Jamus. Dokar ɗakin mai sauƙi ce. Ba a koya wa kowa zane, ba a ce masa ga abin da zai zana, ba a gyara masa. A ba shi kaya, a bar shi. Sai dai Nise ta dage lallai a sami wani mutum ɗaya da zai riƙa zama kusa da mai zanen kullum, ko da ba za su yi magana ba, domin a ganinta wanda ya yi shekaru a rufe cikin kansa ba ya fitowa sai ya sami wanda ya amince da shi. Ta kuma daina kiransu majinyata, ta riƙa kiransu da kalmar da ake kiran abokin ciniki, tana kiran kowa da sunansa.

Hujjarta ita ce, mai wannan cuta sau da yawa magana kan gagare shi, amma abin da ke cikin zuciyarsa bai mutu ba. Tsoro, muryoyi da siffofin da ke razana shi suna nan suna tafasa. In ya sa su a takarda ko ya gina su da yumɓu, sun fito waje ke nan, zai iya dubansu, ya sake zana su gobe da jibi har kaifinsu ya ragu. Likita kuma in ya jera zanen mutum ɗaya bisa kwanan wata, zai iya bin sawun abin da ke gudana a cikinsa. Shi ya sa kowane zane ana rubuta masa suna da rana, a adana.

Mutanen da suka fito daga duhu

Cikin waɗanda ɗakin zanen ya fito da su akwai Emygdio de Barros, wanda aka haifa a 1895. Makanike ne a ma'aikatar sojan ruwa, har an taɓa tura shi Faransa ƙaro sani. An kwantar da shi a 1924, ya yi shekara 23 a asibiti kusan ba ya magana. A 1947 aka kawo shi ɗakin zane, shi da bai taɓa riƙe burushi ba. Cikin ɗan lokaci zanensa ya girgiza masana. A 1950 ya bar asibiti ya koma wurin danginsa, sannan a 1965 ya dawo da ƙafarsa saboda yana son ci gaba da zane. Ya rasu a 1986, ya bar ayyuka fiye da 3000, kuma a yau ana lissafa shi cikin manyan masu zane na Barazil.

Akwai Adelina Gomes, ɗiyar talakawa, wadda aka kwantar a 1937 tana da shekara 21, bayan mahaifiyarta ta raba ta da saurayin da take so. An san ta da faɗa da ƙin mutane. Da ta shiga ɗakin a 1946, ta fara da gina wasu mata masu ban tsoro da yumɓu, daga baya ta koma zanen mata da ke rikiɗa su zama furanni, har ta kai ga zanen furanni na gaske da fuskokin mutane. Yadda zanen ke sauyawa haka halinta ke yin sanyi, ta zama mai natsuwa da hulɗa da jama'a. Ba ta bar asibiti ba har rasuwarta a 1984, amma ta bar ayyuka wajen 17,500.

Akwai Fernando Diniz, baƙar fata, ɗan wata matalauciya mai ɗinki, wanda ya tashi a ɗakunan haya masu cunkoso. Ya fara zane a 1949. Ya daɗe yana zana cikin gida: ƙasan ɗaki, tebur, fitila, piyano, ɗaya bayan ɗaya, har ya haɗa su wuri guda suka zama falon da bai taɓa mallaka ba. Nise ta ga cewa yayin da yake jera kayan ɗaki a takarda, tunaninsa ne yake jerawa.

Sai kuma labari mai ɗaci, na Lúcio Noeman, gwanin gina siffofin mayaƙa. A 1949, daidai lokacin da ake nuna ayyukansa ga jama'a, aka yi masa fiɗar lobotomi duk da adawar Nise. Bayan fiɗar, hannun da ke gina mayaƙa ya koma yin abubuwa marasa siffa, basirar ta tafi ba ta dawo ba. Nise ta ajiye ayyukansa na kafin fiɗa da na bayanta, ta jera su ta nuna wa likitoci, suka zama shaida mai ƙarfi kan ɓarnar wannan fiɗa.

Daga asibiti zuwa idon duniya

Nise ta gane cewa rabin ciwon yana wajen katanga, a idon mutanen gari. Don haka ta fitar da zanen. A 1947 aka baje su a ginin ma'aikatar ilimi da ke Riyo, a 1949 kuma gidan zanen zamani na birnin Sawo Pawlo ya nuna ayyukan mutum 9 daga Engenho de Dentro. Muhawara ta kaure a jaridu. Mai sharhi Quirino Campofiorito yana ganin waɗannan ayyuka amfaninsu na likitoci ne kawai, shi kuwa Mário Pedrosa, babban masanin zane na ƙasar, ya tsaya kai da fata cewa fasaha ce ta gaske, kuma ciwo ba ya hana mutum basira. Abin lura a nan, likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne suka je kallo, masu zane da ƴan jarida su ne suka cika wurin. Amma ko ba komai, mutanen da jiya ba a san sunansu ba sai lambar gado, yau ga sunayensu a jarida ana gardama kan aikinsu.

Ranar 20 ga watan Mayu na 1952 ta kafa gidan adana waɗannan ayyuka a cikin asibitin, wanda ake kira Museu de Imagens do Inconsciente, wato gidan hotunan ɓoyayyen tunani. Ba ta yarda a sayar da su ba, don a wurinta takardun bincike ne da bai kamata a warwatsa ba. Ayyukan da aka tara a wurin sun haura 350,000, abin da ya sa gidan ke cikin mafi girma irinsa a duniya.

Ta kuma lura cewa da yawa daga cikin masu zanen, har waɗanda tunaninsu ya fi wargajewa, suna yawan zana da'ira mai tsari da daidaito. A 1954 ta ɗauki hotunansu ta aika wa Carl Gustav Jung, shahararren likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Suwis. Amsa ta zo ta hannun sakatariyarsa, Aniela Jaffé, tana tabbatar da cewa irin da'irar nan ce da Jung ke kira mandala, wadda a fahimtarsa alama ce ta ƙoƙarin da zuciya ke yi ta tattara kanta bayan ta tarwatse. A 1957, a babban taron likitocin ƙwaƙwalwa na duniya karo na 2 a birnin Zurik, Jung da kansa ya buɗe nunin zanen da Nise ta kawo. Ta zauna ta yi karatu a cibiyarsa, ta koma gida ta zama jagorar yaɗa iliminsa a Barazil.

Gida marar ƙyaure, da karnuka

Wani abin da ya dame ta shi ne yawan waɗanda ake sallama su sake dawowa. Mutum ya fita, ba aiki, ba aboki, dangi na jin kunyarsa, maƙwabta na gudunsa, ba da jimawa ba sai ciwo ya tashi. A watan Disamba na 1956 ta buɗe wani gida a cikin gari mai suna Casa das Palmeiras. Ba a kwana a wurin, ba a kulle ƙofa, ma'aikata ba su sa farar riga. Wanda aka sallama daga asibiti yakan zo da rana ya yi zane, kiɗa ko aikin hannu, ya sha shayi da jama'a, da yamma ya koma gida. Wannan tsari ya riga irin cibiyoyin jinyar cikin unguwa da Barazil ta kafa shekaru da yawa daga baya.

A 1955 kuma aka tsinci wata yasasshiyar karya a filin asibiti, Nise ta bar wa wani majinyaci kulawa da ita, sai ta ga mutumin ya fara sauyawa. Daga nan ta shigo da karnuka da kyanwoyi cikin aikin, tana ɗaukarsu mataimakan likita, saboda dabba ba ta tambayar mutum tarihin ciwonsa kafin ta saba da shi. Wasu abokan aiki suka mai da abin na dariya, har aka riƙa sa wa karnukan guba. Duk da haka ba ta fasa ba.

A 1961 shugaban ƙasa Jânio Quadros ya sa hannu kan wata doka da za ta yaɗa tsarinta a asibitocin ƙasar, amma a cikin watan Agusta na wannan shekara ya yi murabus, dokar ta zauna a takarda.

Tsufa da rasuwa

A 1975, da ta cika shekara 70, doka ta tilasta mata yin ritaya. Washegari ta dawo asibitin ta rubuta sunanta a matsayin mai koyon aiki ta sa-kai. A shekarun nan ne ta rubuta manyan littattafanta, ciki har da Imagens do Inconsciente a 1981 da O Mundo das Imagens a 1992. Mai shirya fim Leon Hirszman ya yi fim kashi 3 tare da ita kan rayuwar Fernando Diniz, Adelina Gomes da Carlos Pertuis. Mijinta ya rasu a 1986, ba su sami haihuwa ba. Ta ƙare rayuwarta a kan keken guragu, cikin littattafai da kyanwoyinta, ɗalibai na zuwa gida ɗaukar karatu. Ta rasu a Riyo ranar 30 ga watan Oktoba na 1999, tana da shekara 94.

Abin da ta bari

Bayan rasuwarta aka sa wa asibitin Engenho de Dentro sunanta, wato wurin da aka taɓa mai da ita saniyar ware. A watan Afrilu na 2001 Barazil ta kafa doka mai lamba 10.216 da ta kare haƙƙin masu taɓin hankali, ta kuma fifita jinya a cikin al'umma bisa kullewa. A 2015 aka fitar da fim kan rayuwarta, inda ƴar wasa Glória Pires ta fito a matsayinta. A 2017 hukumar UNESCO ta sa takardunta cikin kundin abubuwan tarihin duniya da ya wajaba a adana. A 2022 majalisar dokoki ta amince a rubuta sunanta a littafin jaruman ƙasa, shugaba Jair Bolsonaro ya hau kujerar na-ƙi, majalisa ta yi watsi da ƙin nasa.

To, ko zane na warkar da sikizofireniya? A nan sai a yi hattara. Tun 1952, da likitocin asibitin Sainte-Anne na birnin Paris suka fara amfani da maganin kulorpuromazin, magunguna suka zama ginshiƙin jinyar wannan cuta, kuma mutane da yawa na samun sauƙi da su har su koma aiki da iyali. Nise ta yi ta sukar yadda ake ɗura wa mutane magani fiye da kima har su zama kamar gumaka, amma wannan ba dalili ba ne na mai ciwo ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa. Binciken zamani ma bai zo da amsa guda ba. Hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila ta ba da shawarar a riƙa duba yiwuwar haɗa jinya ta hanyar fasaha, musamman ga waɗanda suka janye daga mutane, alhali wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a can a 2012 bai ga ƙarin sauƙi daga zanen rukuni ba. Cikin mutanen Nise ma, mun ga wasu sun rasu a asibiti.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne, mutumin da ya yi shekara 23 shiru ya sami hanyar faɗin abin da ke ransa, macen da ake tsoro ta zama abar zama da ita, kuma ƙasa guda ta koyi kiran waɗannan mutane da sunayensu. Duk gidan da ke da mai irin wannan lalura, darasin a fili yake: a kai shi wurin likita da wuri, a tsare masa magani, a bar masa abin da hannunsa ya iya, ko ɗinki ne ko kiɗa ko noma, kuma a sami mai zama kusa da shi.

Nan muka kawo ƙarshen tarihin Dakta Nise da Silveira.